Farar Ƙwaya a Gwangwanin Kafur

Laraba, 2 ga Yuli, 2025

Muhsina ce ta kawo mini wannan littafi, wai in riƙa rubuta yadda na kwana da yadda na tashi. 'Yata ce, tana aure a Gaya, kuma ba a musu da ita. Rabona da alƙalamin boko tun ajin yaƙi da jahilci. To, bari mu gani.

Jiya a asibitin Gaya likita ya ce zuciyata ta gaji. Na ce masa, likita, mutum ya haura saba'in, wane abu ne nasa bai gaji ba? Bai yi dariya ba. Ya ce ba ta iya tura jini kamar da, shi ya sa ruwa ke kwanciya a ƙafafuna da ƙirjina, shi ne hakin da nake yi tsakanin gida da masallaci. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurina ya ɗauke. Ramin ya tsaya. Ya ce in duba.

Na duba. Ban gaya masa ba, amma na san wannan ramin. Ni ne mai wankan gawa a garinmu Balan, gado ne daga mahaifina. Jikin mai rai idan ka danna shi sai ya biyo yatsanka ya dawo. Wanda ba ya dawowa kuwa, na san irin jikin da ke yin haka.

An haɗo ni da ƙwayoyi iri-iri. Akwai wata 'yar ƙarama fara, ta safe, ita ce wai za ta janye ruwan.

Asabar, 5 ga Yuli

Ashe ta hanyar buta take janye shi.

Daga hantsi zuwa azahar ni da makewayi muka wuni muna gaisawa. Hajo, matata, tana surfe tana kallona, ta ce, "Malam, ko dai in kai maka tabarmar can?" Mutumin da ke riƙe alwalar asuba har la'asar, yau ga shi yaro mai koyon tsarki ya fi shi mutunci.

Amma gaskiya ɗaya: na je masallaci ban tsaya hutawa a gindin dalbejiya ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Hafizu ya kira a waya daga Ajingi. Ɗan Gwadabe ne, babban ɗansa. Ya ce jikin baban nasa ya matsa, hanta ce, asibiti sun ce a koma gida a yi ta addu'a.

Gwadabe. Tun muna samari muke bin kasuwar Ajingi tare, shi da gyaɗa, ni da awaki. Asalinsu Barebari ne, mu kuma Fulani, saboda haka tun ranar da muka san juna bai taɓa kirana da sunana ba. Ko dai "bawana" ko "ɗan Fillo mai ƙafar kara." Ni kuma ina ce masa Babarbare mai cin bashin gaisuwa.

Ranar da muka binne mahaifina, a bakin kabari, muka yi alkawari. Duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi, ba wani ba. Gwadabe bai iya wankan gawa ba, sai da na zaunar da shi na koya masa, don kada in riga shi ya ba ni kunya. Yana ta mita wai shi zai wanke Bafillace, ruwan Ajingi kaf ba zai isa ba.

Hafizu ya ba shi wayar. Muryar ta sirance, amma bakin yana nan. "Bawana, ka wanke kwaryarka, ka ajiye ta kusa."

Na ce ta daɗe a wanke.

Talata, 15 ga Yuli

Yau abin da nake gudu ya faru. Zan rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Na sha 'yar farar da safe, Hajo na tsaye a kaina. Ban gama ajiye moɗa ba sai ga aike: Malam Musbahu mai gyaran turmi ya cika. Na ɗauki kwarya da ganyen magarya da gwangwanin kafur na tafi.

Mahaifina ya bar mini ƙa'ida ɗaya da ba a littafi ya samo ta ba. Ya ce idan ruwa ya taɓa mamaci, ba a fita a bar shi a jiƙe sai an kai shi cikin likkafani. Na taɓa tambayarsa dalili ina yaro. Ya dube ni ya ce, "Wanda ka bari a jiƙe, zai biyo ka neman sauran wankansa." Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Tun da na karɓi kwaryar ban taɓa fita ba, ko da ana ruwan sama ɗaki na yoyo.

Na yi wa Musbahu alwala, na gama ɓangaren dama, na juya shi. Sai mara ta ce ga ta nan. Na danne. Na cije. Gumi ya keto mini. Na ga idan na ƙara ko da zuba ɗaya ne, zan ɓata wurin da bai kamata a ɓata ba. Ƙanensa da ke miƙo mini ruwa ya riga ya fita ɗauko farin yadi. Na ja zane na rufe Musbahu, na fita na bar shi shi kaɗai, rabinsa a jiƙe.

Da na dawo, hannunsa na hagu ya zamo daga kan cinyarsa ya sauka a tabarma, tafin a buɗe. Gawa takan yi haka, na sani. Na sha gani. Amma yadda ya buɗe tafin nan, kamar mai cewa, ina ka je?

Na ƙarasa. An binne shi kafin azahar. Babu wanda ya sani.

Laraba, 16 ga Yuli

Idan aiken Ajingi ya zo ina cikin wannan hali fa? Tafiyar babur, sannan wanka, sannan sallah, sannan maƙabarta. In bar Gwadabe a jiƙe?

Yau Hajo ta miƙo mini ƙwayoyin, na haɗiye sauran, 'yar farar na maƙale ta a kumatu. Da ta juya na jefa ta cikin gwangwanin kafur. Fara cikin farare, ba mai ganewa. Na 'yan kwanaki ne kawai, har Allah Ya yi wa Gwadabe yadda Ya so.

Lahadi, 20 ga Yuli

Alwala ta dawo hannuna. Lafiya lau. An yi ruwa mai kyau, gero ya miƙe.

Juma'a, 25 ga Yuli

Muhsina ta zo da kifi busasshe, ta hana a sa mini gishiri da dunƙulen miya. Abin da aka kawo mini a kwano, da akuya aka ba wa da ta kai ƙara wajen mai unguwa. Da ta shiga ɗaki Hajo ta ɗan barbaɗa mini, Allah Ya saka mata.

Ta tambaya, "Baba, kana shan maganin?" Na ce tambayi uwarki. Uwar ta ce a gabanta nake sha kullum. Ka ga ni ban yi ƙarya ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Bayan azahar na kishingiɗa a zaure, gari tsit, kowa na gona. Sai na ji motsin ruwa. Ba ɗiga ba. Irin ƙarar da kwarya ke yi idan an ɗauko ta a cike ana tafiya a hankali don kada ta zube. Na tashi zaune, ya tsaya. Na koma na kwanta, ya dawo, kusa da ni sosai.

Na leƙa randa, a rufe take. Na leƙa waje, ba kowa sai jakin maƙwabci.

Asabar, 2 ga Agusta

Takalmina ya matse. Fata ce, damina ce, takan yi haka.

Gwadabe yana nan. Hafizu ya ce yau har ya sha kunu ya zagi mai kunun.

Talata, 5 ga Agusta

Sawu.

Na dawo daga sallar la'asar, na zauna a zaure na ɗan lokaci ina mayar da numfashi, na shiga cikin gida na sha ruwa, na fito. A kan daɓen zaure, daga inda buzuna yake zuwa ƙofar cikin gida, ga sawun ƙafa a jiƙe. Ba takalmi. Babban sawu, mai faɗi, yatsun a bubbuɗe, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ni ƙafata siririya ce, duk Balan an sani, Gwadabe ya shekara hamsin yana yi mata waƙa.

Ba a yi ruwa ba yau. Ban taka ruwa ba, alwalata tun ta azahar ce.

Musbahu ƙato ne. Ƙafarsa kamar faifai.

Na tsaya ina kallo har iska ta shanye su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen da ya bushe shi ne na bakin ƙofar cikin gida. Wato shiga ya yi. Ban ga na fita ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na je kabarin Musbahu da hantsi, na yi masa addu'a, na yayyafa ruwa. Na ce masa, Musbahu, na ƙarasa maka wankanka, kai ma shaida ne, har kafur na sa maka fiye da na kowa. Abin da ya fitar da ni ba raini ba ne.

Tafiyar da ba ta kai komai ba, sai da na zauna a hanya kamar mai jiran mota. Wata mata mai tallar nono ta tsaya ta ce, "Bappa, lafiya? Leɓenka ya yi baƙi." Na ce goro ne.

Lahadi, 10 ga Agusta

Kwanciya ta gagara. Da na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, ruwan nan kuma ya fara motsi. Yanzu a jingine nake barci, da buhun ƙaiƙayi a bayana. Hajo ta ce mu koma asibiti. Na ce sanyin damina ne.

Ta ce, "Maganin nan dai ba ya aiki, Malam. Da can kana zarya, yanzu ko sau ɗaya." Na ce jiki ne ya saba.

Sawun ya sake fitowa. Yau har gefen gadona. Hajo ta gani ta ce wa ya shigo mata ɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Na ce ban sani ba. Na fara sa doguwar riga har ƙasa da safa, saboda sanyi. Safar kan yi danshi. Gumi ne.

Laraba, 13 ga Agusta

Gwangwanin ya fara nauyi. Idan na girgiza shi, ƙararsa ta canja.

Wani tunani ya zo mini yau, ban so shi ba: ni ina jiran Gwadabe, wani kuma yana jirana.

Asabar, 16 ga Agusta

Na je Ajingi. Hafizu ya ce baban yana nemana, ba don wanka ba tukuna, don hira. Ɗan acaɓa ya kai ni, sai da aka kama ni aka sauke kamar buhu.

Gwadabe yana kwance a ƙasa a kan katifa, ya ƙi gado. Ya zama kamar itacen da aka sassaƙe, idanu rawaya. Kulu, matarsa, ta shimfiɗa mini tabarma, na ce a ba ni kujera, don idan na zauna ƙasa tashi sai an taru. Na cire takalmi da ƙyar, safar ma na cire don ta dame ni.

Ya daɗe yana kallona daga ƙasa. Ba fuskata yake kallo ba.

"Wa ya sace wa bawana ƙafafu ya sa masa na giwa?"

Na ce damina ce.

"Matso."

Na matsa. Ya ɗaga rigata, ya sa yatsansa, wanda ba shi da ƙarfin murza goro, ya danna ƙwaurina. Ya ɗauke. Muka zuba wa ramin ido mu biyu. Ni na koya masa abin da wannan ramin ke nufi, a kan gawar wani kawunsa, shekaru da yawa da suka wuce.

Ya ce, "Kulu, ba mu wuri."

Da ta fita, ban san yadda aka yi ba, na gaya masa duka. Ƙwayar, da Musbahu, da tafin hannun, da motsin ruwa, da sawun. Ya saurara ido a rufe har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce in tashi in taka zuwa ƙofa in dawo. Na ce ba wasa na zo ba. Ya ce umarnin ubangida ne.

Na taka. Na juyo.

Ga su nan a kan simintin ɗakinsa. Manya, masu faɗi, a jiƙe, yatsu a bubbuɗe. Daga kujera zuwa inda nake tsaye.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Musbahu yana can yana hutawarsa. Kai ne kake yoyo, tsohuwar randa. Ruwan ya rasa hanya ya faso ta fata." Ya huta, ya ce, "Wanda kake ji yana motsi ma, a cikinka yake. Daga nan ina jin sa."

Na ce ko da haka ne, ba zan bar shi a jiƙe ba.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "To idan ka riga ni fa? Dubi hannuna. Da wannan zan ɗaga kwarya? Ka mutu ka bar ni da alkawari biyu, nawa da naka, ban cika ko ɗaya ba. Wannan wace irin mugunta ce ta Fulani?"

Na janyo takalmina. Na ce Kulu ta kira mini ɗan acaɓa.

A hanya na yi ta tunanin sawun. Na yarda nawa ne, na gani da idona. Amma me ya sa sai bayan Musbahu suka fara?

Lahadi, 17 ga Agusta

Na riƙe 'yar farar a tafin hannu har ta fara narkewa. Hafizu ya ce jiya bayan tafiyata jikin ya rikice. Yau ko gobe.

Na jefa ta gwangwani.

Laraba, 27 ga Agusta

Asibitin Gaya. Muhsina ta kawo mini littafin yau.

Abin da aka ba ni labari: ranar Litinin ta makon jiya na tashi yin alwalar azahar na faɗi a bakin randa, ina kumfa, ina jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. A a-daidaita-sahu aka kawo ni. Ni abin da na tuna kawai, ina kwance a kan tabarma, wani yana zuba mini ruwa daga dama, a hankali, yadda nake yi. Ban ga fuskarsa ba. Na ji ƙanshin magarya. Ina so in ce masa ban mutu ba tukuna, bakina cike da ruwa.

Allura suka yi ta yi mini, aka sa mini robar fitsari. Ruwan da ya fita daga jikina, da a gona aka zuba da an yi shuka.

Hajo ce ta gano. Da aka ce a kawo duk magungunan da nake sha, tana tattara kaya ta ture gwangwanin kafur ya faɗi ya buɗe. Ta kawo shi asibiti a ƙullin zaninta, ta ajiye mini a kan gado, ta koma ta zauna. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai can da yamma tana ɓare mini lemo ta ce, "A gabana kake sha kullum, ko, Malam? Ni ka mayar shaidar zur." Muhsina kuwa kuka ta yi, irin na fushi.

Abin da na fara tambaya da bakina ya buɗe: Gwadabe? Suka ce yana nan. Ya aiko Hafizu da saƙo, wai a gaya wa bawansa ba zai mutu ba sai an sallame shi, kada ya ga ya samu hanyar gudun aiki.

Juma'a, 29 ga Agusta

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a nan, Fauziyya, ba ta da hayaniya. Tana gwada ni ta ce, "Baba, me ƙwayar nan ta yi maka?" Ba wanda ya taɓa tambayata haka. Kowa cewa yake me ya sa ba ka sha. Na gaya mata aikina, ban da zancen sawu.

Ta ce ai da na faɗa tun farko. Wai ƙarfinta na 'yan sa'o'i ne, ranar da nake da fita ina iya jinkirta ta sai na dawo, in dai ban tsallake ranar ba. Ta kira likita ya tabbatar. Na ce to mutuwa tana aiko da sanarwa ne, in san ranar da zan jinkirta? Ta ce wannan kam ba ta da maganinsa.

Ai kuwa. Amma ban san ana iya tambaya ba. Na ɗauka maganar likita kamar hukuncin alƙali ce, ko ka bi ko ka gudu.

Talata, 2 ga Satumba

Gida. Takalmina ya yi mini yawa. Hajo ta ƙwace ƙwayoyin, ita ke ba ni, kuma sai na buɗe baki ta leƙa kamar mai sayen akuya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Gwadabe ya cika yau da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kuma don ya nuna mini shi Babarbare ne har ƙarshe, sai da ya bari na haɗiye 'yar farar, ta sauka ta zauna, sannan waya ta yi ƙara.

A hanya na tsayar da ɗan acaɓa a bayan wata gonar dawa, na sake tsayar da shi kafin mu shiga gari. Yaron kirki, ya jira ni. Na isa na yi alwala na shiga. An kwantar da shi a ɗakin nan dai, a kan simintin nan.

Hafizu zai fita ya ba ni wuri. Na ce, dawo. Magidanci ne mai 'ya'ya, amma bai taɓa ganin ana yi ba. Na ce wanke hannunka, naɗa wannan tsumman. Na nuna masa yadda ake karkatar da kai, yadda ake zuba ruwa ba a watsa ba, yadda ake rufe abin da Allah Ya ce a rufe. Na ce abin da ka gani a nan, a nan zai tsaya.

Mun gama dama, mun juya shi. Sai mara ta ce ga ta nan, daidai inda ta zo mini a kan Musbahu.

Na tsaya da kwarya a hannu. Na dubi fuskar Gwadabe. Wallahi bakin nan a ɗan karkace yake, yadda yake yi idan ya shirya mini tsiya.

Mahaifina cewa ya yi ba a barin mamaci a jiƙe. Shi kaɗai yake aikinsa, ni ma haka na tashi ina yi, ban taɓa tunanin abin da ake nufi da bari ba. Na kama hannun Hafizu na ɗora a kafaɗar ubansa, na sa masa kwaryar a ɗaya hannun. Na ce, zuba a hankali, daga nan zuwa nan, kada ka ɗauke hannunka, kada ruwan ya yanke, yi masa magana idan kana so. Na ce, Gwadabe, ga ɗanka, zan kewaya in dawo.

Na fita. Na sake alwala. Na dawo.

Hannuwansa suna inda na bar su. Hafizu yana zubawa yana hawaye yana ba shi labarin gyaɗar bana.

Sai da na sake fita kafin mu kai ga kafur. Da na buɗe gwangwanin, sai na ga Hajo ta tsince shi tas. Na sa masa da yawa. Da muna naɗe ƙafafun na danna ƙwaurinsa, ban san dalili ba, hannu ne ya saba. Ramin ya tsaya.

Na cika alkawari, Babarbare. Saura naka, ka tafi da shi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na zauna a zaure tun azahar ina kallon daɓe. Na bar mutum a jiƙe har sau biyu, idan akwai mai biyowa, yau ne ko gobe. Na ma ɗan share wurin, don sawun ya fito sosai. Idan Gwadabe ne, ina so in gani.

Ba kowa. Kaza ce kawai ta ratsa.

Laraba, 10 ga Satumba

Hafizu ya zo gaisuwar godiya, da gyaɗa sabuwar cira. Ya yi ta juya hularsa, can ya ce wai idan an yi rasuwa a nan kusa, ko zan riƙa kiransa ya riƙe mini kwarya. Ya ce baban ne ya ce masa, ana saura kwana kaɗan, akwai wani bashin wanka da ya bar masa, na wani Bafillace, kada ya kuskura ya biya shi da wuri.

Na ce sai na duba, aikin ba na kowa ba ne. Na ba shi tsohuwar kwaryar mahaifina ya tafi da ita, don tana tare mini wuri ne kawai.

Juma'a, 12 ga Satumba

Hajo ta tafi suna tun da sassafe, ta manta ba ta ba ni ƙwayar ba. Na ga ledar a kan taga. To, ƙishirwa nake ji dama, ga moɗa a kusa.

Da azahar na kishingiɗa na kasa kunne. Shiru. Har na ɗan ji zauren ya yi mini faɗi.

Na danna ƙwaurina. Ya biyo yatsana ya dawo.

Bari in tashi, buta na kira.